Ciwon Ƙaryar da Na Yi Wa Maigida

Maigidana ya dawo daga Legas wata ranar Lahadi da yamma, ya ajiye jaka a bakin ƙofa, ya ce in ba shi ruwa. Bai ce komai a kan jarrabawa ba, ni ma ban tambaya ba. Karon farko da ya faɗi, ya daure ya sayo mana burodi a hanya. Wannan karon ko burodin babu, don haka na gane.

A Dutse muke zaune lokacin, cikin ɗan gidan gwamnati mai ɗaki biyu da falo. Garin bai daɗe da zama babban birnin jiha ba, ranar Juma'a rabin ma'aikata suke cika motocin haya su koma Kano, su bar mu da duwatsu da awaki. Ni ina koyar da Hausa a makarantar 'yan mata. Shi kuwa likita ne a asibiti, ya gama karatun likita tuntuni, kowa a unguwa Likita yake ce masa, har ni. Sai dai ya shiga wani horo na ƙwarewa a aikin likitan da ke duba kowa, yaro da tsoho, mace da namiji, wanda yanzu ake kira likitan iyali. Jarrabawar horon kashi biyu ce. Akwai ta rubutu, wannan kam cinye ta yake yi kamar tuwo. Akwai kuma wadda ake zaunar maka da mara lafiya a gaba, manyan likitoci su jeru a gefe suna kallon yadda za ka yi da shi. A nan yake zubewa.

Ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, musamman mahaifiyarsa da ke Aujara, wadda muke kira Inna. Har ya fara maganar barin horon gaba ɗaya.

Wanda ya hana shi bari shi ne babban likitan da ke kula da masu horon, wani dattijo gajere mai farin gemu, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. A gidanmu Baba Likita muke ce masa. Bai yi masa faɗa ba. Ya rage masa aikin kwana don ya sami sarari, sannan ya ɗauki kujera ya riƙa zama a kusurwar ɗakin da maigidana ke duba marasa lafiya, ba ya cewa uffan, yana kallo kawai. Bayan 'yan makonni ya kira shi ofis.

Maigidana ya dawo gida ransa a ɓace, ya ce, "Kin ji abin da ya ce mini? Wai na fi shi sanin littafi, amma kafin mara lafiya ya gama gaishe ni na riga na rubuta masa magani."

Na ce, "Ai gaskiya ya faɗa. Ni tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kai ƙarshen maga…"

Ya ce, "Ba wannan ake yi ba yanzu."

Na dube shi. Shi ma ya dube ni. Bai yi dariya ba a ranar, kuma da ina da hankali da na jira gobe.

Maganin da Baba Likita ya kawo shi ne rakoda mai cin kaset. Ya ce a sami wani a gida ya riƙa zama a matsayin mara lafiya, a ɗauki hirar, duk Alhamis su zauna su biyu su saurara, maigidana ya ji kansa da kunnensa. Ba ya so a ɗauki marasa lafiya na gaskiya, don matan ƙauye ba za su buɗe baki ba in suka ga na'ura a kan tebur, kuma sirrinsu ne. Yaranmu ƙanana ne a lokacin. Sai ni.

Dole in faɗi wani abu a nan. Lokacin da nake kwalejin horon malamai ina cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma saboda tsayina da kaurin muryata, kullum tsohon maigadi ake ba ni. In shigo da sanda, in yi tari, in fita. Na bar makarantar da yaƙinin cewa hassada ce ta danne ni. Don haka da aka ce ana neman wadda za ta yi ciwon ƙarya, ban ji tausayin mijina kawai ba. Na ji kamar an buɗe mini ƙofar da aka daɗe da rufewa.

Baba Likita da kansa ya zo gidan. Ya zauna a falo, ya sha ruwa, ya ce da maigidana ya fita ya duba masa tayar mota. Da ya fita sai ya juyo gare ni.

"Malama, ga yadda za a yi. Ke mace ce mai ciwon kai. Amma ba ciwon kan ne ya kawo ki ba. Mahaifiyarki hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki, kina tsoron ke ma shi ne. Kada ki faɗa masa wannan sai ya ba ki dama. In ya katse ki, ki yi shiru ki bar shi da ciwon kansa."

Na ce, "Na gane, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Kuma kaɗan-kaɗan, Malama. Yadda mutane ke yi."

Duk na ji bayaninsa, ban da wannan na ƙarshen.

Bayan la'asar muka jawo teburin cin abinci tsakiyar falo. Kaset ɗin da babu komai a kai yana wuyar samu, sai na fito da tsofaffin kasakasaina na waƙoƙin Indiya. Shekarar ana ta shirin ƙaddamar da shari'a, masu sayar da kaset sun koma wa'azi, ni ma na daina kunna nawa da ƙarfi don kada maƙwabta su ji. Na ce a ɗauka a kansu, sun sami aikin lada. Maigidana ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya, ya danna rakoda. Na fita tsakar gida, na yi sallama da murya mai rawa, na shigo ina dafa bango. Kafin in kai kujera na zube ƙasa, na riƙe kai da hannu biyu, na yi birgima har na ture kwanon ruwan sha.

Ya ce, "Me ke damun ki?"

Na ce, "Wayyo kaina! Likita, tun ranar da…"

"Da zazzaɓi?"

"A'a, tun ranar…"

"Amai? Jiri? Kina gani sosai?"

Na tuna umarnin Baba Likita, na yi shiru. Ya rubuta mini maganin ciwon kai, ya ce in dawo bayan mako guda. Duk abin bai kai tsawon tafasar ruwan shayi ba. Mahaifiyata da ɓarin jikinta ya shanye ko ambatonta ba a yi ba.

Ranar Alhamis tun a makaranta hankalina yana asibiti. Da ya dawo na tare shi a ƙofa.

Na ce, "Me ya ce?"

Ya ce, "Ya sa na ƙirga sau nawa na katse ki. Na ji kunya ƙwarai."

Na ce, "A'a, game da ni. Me ya ce game da ni?"

Ya dube ni, ya ce, "Ya ce in gaya miki mai ciwon kai ba ta birgima. Kuma ina gama cewa ki dawo bayan mako guda, sai waƙarki ta ɓarke a ofis, ga nas-nas suna wucewa. Shi ya rasa inda ake kashewa, ni na rasa inda zan sa kaina."

Haka muka ci gaba. Baba Likita ya ba shi dokoki kaɗan. Ya bar mara lafiya ya gama maganarsa ta farko ko da za ta kai shi Jahun ta dawo. Ya ajiye biro yayin da ake masa bayani. Ya tambayi mutum abin da shi kansa yake zaton yana damun sa. In zai yi bayani ya yi da Hausar da Inna za ta gane, ba Hausar da rabinta Turanci ne ba. Da farko abin ya yi masa wuya matuƙa. Ina magana ina kallon leɓensa yana motsi, tambaya tana so ta fito, yana danne ta kamar mai danne atishawa a sahun salla. Wani lokaci sai ya zauna a kan hannuwansa.

Ni kuma na buɗe kasuwa. Baba Likita yakan aiko mini da ciwo ta bakin matarsa, don kada maigidana ya sani, amma ni nake ɗinka wa ciwon mutum. Na yi Bafulatana mai tallan nono wadda ɗanta ke tari, har da 'yan kalmomin Fillanci da na tsinta a kasuwa, waɗanda daga baya na gano ɗaya daga ciki sunan ƙwarya ne. Na yi matar ɗan kasuwa mai ciwon suga wadda ba ta son a hana ta fura. Na yi amarya mai kunya da ba ta ɗago kai. Duk wadda na gani a layin famfo ko a gidan suna, sai in ɗauke muryarta in kawo gida.

A hankali abu ya fara kamawa. Wata rana ya dawo daga asibiti yana ta mamaki. Ya ce akwai wani tsoho daga wajen Jahun da ya daɗe yana zuwa da ciwon baya, kullum ya ba shi magani ya tafi. Ranar ya ajiye biro ya ƙyale shi. Tsohon ya yi maganar baya, ya yi maganar damina, ya yi maganar jakinsa, can daga ƙarshe ya sunkuyar da kai ya ce fitsari ne ba ya fita sosai, kunya ta hana shi faɗa.

Ya ce, "Malama, watanni ina ba mutumin nan maganin abin da ba shi ya kawo shi ba."

Ya daɗe zaune bai taɓa abincinsa ba. Na ji daɗi a raina, kuma ba tare da wani ya ba ni ba, na ɗauki rabin yabon na sa a aljihu.

Daga nan kaina ya fara girma. A ɗakin malamai na zama mai duba mutane. Wadda ta ce kanta na ciwo, sai in ajiye jan biro, in haɗa hannu, in ce, "Ke me kike zaton yana damun ki?" Wata abokiyar aikina ta yi ƙorafin kasala da jiri, na tabbatar mata hawan jini ne, na hana ta gishiri. Bayan 'yan watanni muka je gidanta suna.

Ana cikin haka Inna ta zo daga Aujara ba tare da aike ba, da ƙullin daddawa da ɗan buhun gero. Ranar, ciwon da aka ba ni na wata tsohuwa ne mai ciwon gaɓoɓi, ni kuwa tsohuwar da na fi sani a duniya ita ce Inna. Na ɗaura ɗankwali irin ɗaurinta, ya sauko har gira. Na zauna a karkace yadda take zama. Na ɗauko maganarta kaf.

Ina cewa, "Ɗan nan, jikin nan ya mutu. Kamar an zuba ni a turmi an kwana ana daka. Gwiwar nan in na durƙusa sai ta yi ƙara kamar ƙofar rumbu," ina nishi, sai na ga idon maigidana ya tsallake ni ya tsaya a ƙofa. Na juya. Inna ce tsaye, da ƙullin daddawa a hannu. Ta yi sallama, nishina ne ya hana mu ji.

Na cire ɗankwalin, na durƙusa na gaishe ta, ina fata ƙasa ta tsage. Ta amsa a hankali, ta zauna, ta dubi rakoda, ta dubi teburin, ta dubi ɗanta. Babu yadda zai yi, sai ya faɗa mata komai: ya faɗi jarrabawa har karo biyu, babban likita yana taimakonsa, ni kuma ina taya shi gwaji.

Ta ce, "Wato har yanzu karatu kake?"

Ya ce, "E, Inna."

Ta ce, "To mene ne abin ɓoyewa? Wanda bai faɗi ba ai bai je ba ne. Da ka faɗa mini da na sa an yi maka addu'a tun tuni." Sannan ta juyo gare ni. "Ke kuma 'yar nan, ni ba haka nake nishi ba."

Na ce, "Ki yi haƙuri, Inna."

Ta ce, "In ciwo ake nema, ga mai shi ta zo. Tashi."

Na tashi daga kujerar. Ta zauna, ta gyara zane, ta ce ya kunna abin. Ta yi masa bayanin gwiwarta, daga shekarar da ta fara har zuwa safiyar ranar. Bai katse ta ba. Da ya tambaye ta abin da take zato, sai ta ce tsoronta kada ta kai inda ba za ta iya sujada ba. Ni da nake surukarta shekara da shekaru ban taɓa jin wannan ba, shi ma da ya tashi a hannunta bai taɓa ji ba. Ya yi mata bayani a natse, ya nuna mata yadda za ta yi salla a zaune ranar da ciwon ya tsananta, ya ce malamai sun halatta.

Ranar Alhamis ya dawo yana murmushi. Baba Likita ya ce wannan ne kaset mafi kyau da aka taɓa kawo masa, kuma ya tambaya ina aka samo wannan baiwar Allah. Na ce madalla, na shiga kicin, na daka yajin da ba a buƙata. Wata da watanni ina birgima a kan siminti, tsohuwa ta sauko daga motar Aujara ta ƙwace mini matsayi a zama ɗaya.

Inna ta koma gida, na ƙudura a raina sai na dawo da martabata. Jarrabawa ta matso, maigidana ya ƙara ƙaimi, kusan kullum sai mun yi. Na fara shirya wata mata mai ciwon zuciya wadda nake ganin za ta sa Baba Likita hawaye.

Ban kai ga yin ta ba. Wata Juma'a da yamma cikina ya fara ciwo a wajen cibiya. Na ɗora laifin a kan ɗanwaken da na ci a makaranta. Da safe ciwon ya gangara gefen dama, na kasa karyawa, na yi amai sau ɗaya. Maigidana ya tafi zagayen marasa lafiya tun da sassafe, bai sani ba. Da ya dawo bayan azahar ya tarar da ni zaune a kujerar nan ta gaban tebur, don ita ce kusa, kuma in na motsa ciwon ƙaruwa yake.

Na ce, "Likita, ba ni da lafiya."

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Madalla, tsaya in sa kaset."

Na ce, "Cikina ne."

Ya danna rakoda, ya zauna, ya ajiye biro a gefe, ya haɗa hannuwa. Ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Faɗa mini abin da ya kawo ki."

Ba ni da ƙarfin gardama. Na faɗa masa yadda ya fara, da inda ya koma, da aman. A hankali nake magana, ban motsa ba, ban yi nishi ba, don nishin ma ciwo yake jawowa. Yana gyaɗa kai. Har ya ɗan rufe bakin rakoda da hannu ya raɗa mini, "Yau kin iya. Haka ake so."

Na ce, "Likita, da gaske nake."

Ya ce, "Na yarda da ke. Ci gaba, ina sauraron ki."

Na ce, "Wallahi ba wasa nake ba."

Ya ce, "Na ga alamar abin ya dame ki ƙwarai. Ba na gaggawa."

Mutumin da na yi shekaru ina roƙon Allah ya saurare ni, ranar ya saurare ni har na kusa suma. Ya bar mini shiru mai tsawo ko akwai sauran abin da ke raina. Ya maimaita mini duk abin da na faɗa, bi da bi, ya tambaya ko ya fahimce ni daidai. Sannan ya karkato da murya mai taushi ya ce, "Ke a naki tunanin, me kike zaton yana damun ki?"

Na ce, "Ina zaton mijina ne zai kashe ni."

Ya ce, "Akwai matsala a gida ke nan. Za mu dawo kan wannan."

A ƙa'idar wasanmu in an zo wajen duba jiki, faɗa kawai yake yi da baki, ni kuma in gaya masa abin da zai samu. Ranar, don jarrabawa ta matso, ya ce bari ya yi da hannu yadda zai yi a gaban manya. Ya ce in kwanta a doguwar kujera. Ganin yadda na tashi a duƙe, ina jan ƙafar dama, ya ce, "Kai, har da wannan kika koyo?" Ya ɗora hannu a goshina. Sai na ga murmushin ya tsaya. Ya danna gefen cikina na dama a hankali, ya saki. Ihun da na yi ba na kwaikwayo ba ne, ban ma san ina da irinsa ba.

Ya ce, "Innalillahi. Malama! Tun yaushe?"

Na ce, "Yana cikin kaset ɗinka."

Ban taɓa ganin mutum ya ruɗe haka ba. Ya fita da takalmi ƙafa ɗaya, ya dawo neman makullin mota yana riƙe da shi a hannu. Ya miƙa yara gidan maƙwabta, ya ɗauke ni ya sa a bayan tsohuwar motarmu, wadda sai an tura take tashi, ranar kuwa ta tashi da kanta. Duk ramin da muka faɗa a hanya sai ya ce, "Sannu, yi haƙuri," ni kuma in ce masa ya dubi gabansa. A asibiti aka ce afendis ne, wani ɗan reshen hanji da ya kumbura, kuma ya kusa fashewa. Wani abokin aikinsa ya yi mini tiyata kafin magariba. Shi an hana shi shiga, nas-nas suka ce ya yi ta kai da kawowa a baranda yana tare duk wanda ya fito.

Washegari Baba Likita ya zo duba ni. Ya tsaya a gefen gado, ya yi mini sannu, ya duba ƙarin ruwan da aka sa mini. Maigidana na tsaye a bayansa kamar ɗalibin da aka kama. Ashe da kansa ya kai masa kaset ɗin, ya ce a saurara a gaya masa inda ya yi kuskure.

Baba Likita ya ce, "Na ji. Tambayoyinka sun cika, babu abin da ka bari. Da a jarrabawa ne ka ci." Ya juya ya dubi maigidana. "Amma sauraro ba da kunne kaɗai ake yi ba. Mace ta shigo tana gumi, ba ta son motsi, ka fara taɓa ta kafin ka tambaye ta ra'ayinta. Mako mai zuwa a kan wannan za mu zauna."

Maigidana ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Baba Likita ya juyo gare ni ya ce, "Malama, ina neman izini in riƙe kaset ɗin nan. Ina da wasu masu horon da zai amfane su."

Ina kwance da ɗinki a ciki, bakina a bushe, amma sai da na tambaye shi ko muryata ta fito sosai. Ya ce ta fito. Na ce ya riƙe.

Inna ta dawo daga Aujara ta yi jinyata, kuma ita ta ƙarasa masa gwajin, don ni an hana ni dariya balle birgima. Daga ɗaki nake jiyo su, tana kawo masa ciwon maƙwabtanta ɗaya bayan ɗaya, in ya yi sauri ta ce, "Ban gama ba." Da lokaci ya yi ya tafi Legas. Wannan karon ya ci. Ya ce mara lafiyar da aka ba shi wata mata ce mai yawan magana, ɗaya daga cikin manyan har ya fara duba agogo, shi kuwa ya ƙyale ta ta gama. Bayan ya kammala horon aka mayar da mu Garki, muka yi shekaru a can, daga baya shi ma aka fara turo masa masu horon da suka makale.

Shekaru da yawa bayan haka, na je wani asibiti a Dutse da ciwon gwiwa, nawa na kaina. Likitar da na samu yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Na gaishe ta, na fara bayani, sai na ga ta ɗago kai tana kallona. Ta ce in ƙara cewa wani abu. Na ce me zan ce? Sai ta rufe baki da gefen hijabi, kafaɗunta na rawa.

Ta ce, "Mama, don Allah ki yi haƙuri. Ke ce mai afendis?"

Ashe an juye kaset ɗin zuwa faifai, ana ta kunna wa masu horo, har sun haddace. Ta ce a ajinsu in wani ya cika jan tambaya, sai a ce masa, "Ina zaton mijina ne zai kashe ni." Ta leƙa waje ta kira wata ƙawarta ta zo ta gan ni. Suka gaishe ni da girmamawa, suna ƙoƙarin haɗiye dariya.

Da ƙawar ta fita, likitar ta fara taɓa goshina, ta duba gwiwar, sannan ta zauna ta ce in ba ta labarin ciwon daga farko. Na gyara zama na fara tun daga shekarar da na zame a bakin rijiya a Garki. Ban kai rabi ba wani dattijo da ke kan layi ya leƙo ya tambaya ko likitar ta tashi ne.